Tarihin Magabata: Malam Abdullahi Na Gwandu, Masanin Shari'ar Da Ya Nemi Hukuma Ta Kawo Hujjar Haraji

 Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun wake ko ya koro awaki zuwa bakin iyaka ya san hannaye nawa ake miƙo masa kafin ya isa kasuwa. Ga na duwan, ga mai yankar tikitin rumfa, ga lanho na shekara, ga kuma wanda ba shi da takarda ko ɗaya, sai igiyar da ya gitta a kan hanya. Tambayar da kowa ke yi a zuci ita ce, wanne ne hakkin hukuma a cikinsu, wanne ne kuma ƙwace? In an zalunce ka, wa za ka kai wa ƙara?

Yau za mu kawo tarihin wani malami da ya ƙare rayuwarsa a kan waɗannan tambayoyi biyu, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. A zamaninsa babu lauya mai baƙar riga irin na yau. Abin da ake da shi shi ne alƙali, da muhuti mai ba da fatawa, da wakilin da mutum kan naɗa ya tsaya masa a gaban shari'a. Sai dai aikin da manyan lauyoyin haraji ke yi a yau, wato binciko abin da doka ta yarda hukuma ta karɓa da yadda ake kare mai ƙara a kotu, shi ne aikin da Malam Abdullahi ya yi da alƙalaminsa fiye da shekara 200 da suka wuce.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir. Wansa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a cikin Nijar ta yau a 1754, ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ne ya karantar da shi Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 kuma aka damƙa shi a hannun wan nasa. Daga nan ya bi malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma ya karantar da Shehu. Ya ƙware a nahawu da lugga da tafsiri da hadisi, amma inda ya fi yin fice shi ne fiƙihun Malikiyya, wato mazhabar da kotunan ƙasar Hausa da Barno ke hukunci da ita.

Karon farko da aka ga ƙwarewarsa wajen kare magana, kan sha'anin mata ne. Lokacin da Shehu ke yawon wa'azi a Zamfara, wajen 1786, wani malamin Barno da ake kira Mustafa Gwani ya soki yadda mata ke halartar majalisin tare da maza, ya nemi a hana su. Shehu ya umurci ƙanensa, wanda a lokacin bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba, da ya mayar da amsa. Malam Abdullahi bai musa cewa cuɗanya abin gudu ba ce, amma ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, ɓarnarsa ta fi girma, kuma ƙa'ida ce ta shari'a cewa in ɓarna biyu suka haɗu a ɗauki ƙaramar. Mata suka ci gaba da zuwa karatu. Wannan hanya ta auna magana da ƙa'ida, ba da son rai ko tsoron mai iko ba, ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Kasuwa a ƙarƙashin sarakunan wancan zamani

Domin mai karatu ya gane abin da ya dame su, sai mu dubi halin da ɗan kasuwa ke ciki a lokacin. Shehu da kansa ya lissafa kuɗaɗen da masu mulki ke karɓa a littafinsa Kitabul Farƙ, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa. Akwai jangali a kan shanu, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Akwai tawasa, wato naman da ake ɗiba daga kowane mahauci ranar kasuwa, da agama, wato audugar da sauran kayan da ake ɗiba daga masu kasawa. Akwai kamuwa, inda ake kama jakin mutum ko takarkarinsa a yi wa sarki dako ba tare da izininsa ba. Akwai gaisuwa, wadda in babu ita talaka ba ya ganin mai mulki. In kuma baƙon fatake ya rasu a gari, sai a kwashe kayansa a ce gado ne na sarki, magadansa su tashi a tutar babu.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi masu kyauta mai yawa. Malam Abdullahi yana wurin. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, maimakon haka ya roƙi abubuwa 5, cikinsu har da a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amsa. Saurayin malamin ya ga da idonsa cewa wanda bai karɓi kyautar mai mulki ba shi ke iya buɗe baki a gabansa.

Daga karatu zuwa fagen yaƙi

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da fadar Alƙalawa, har aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Malam Abdullahi ne ya jagoranci runduna a yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa, shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805. Ba za mu ɓoye cewa yaƙin ya zo da yunwa da kisa da kamun bayi ba, kuma kasuwanni da dama sun mutu a cikinsa. Mutanen yankinmu ma sun san haka, domin gidan sarautar Daura na Haɓe da yaƙin ya kora a Zango da Ɓaure ya zauna, daf da Magarya, ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca kuwa ba su taɓa zama ƙarƙashin Gwandu ba, Barno suke bi kafin Damagaram ta haɗiye su. Ke nan ba tarihin sarkinmu muke bayarwa ba, tarihin wani masani ne da maganarsa ta shafi aljihun kowa.

Abin da ya bambanta shi da sauran mayaƙa shi ne, tun ana cikin yaƙin ya fara ganin mutanensa na aikata abin da suka fito yaƙa. A ƙarshen 1805, gab da yaƙin Alwasa, rundunarsu ta auka wa garin Kwalde da ke zaman amana da su, ta washe shi, shugabanni suka yi hani aka ƙi ji. Aka kuma sha mummunan kashi a Alwasa. Daga baya ya rubuta kukansa a littafinsa Tazyinul Waraƙat, inda ya koka cewa nagartattun abokansa sun mutu, waɗanda suka rage kuwa hankalinsu ya koma kan sarauta da dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai, wasu na cin dukiyar marayu, wasu na sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi, wasu kuma sun sa rigar alƙalanci alhali cin hanci ne sana'arsu.

Wajen 1807 abin ya ishe shi. Ya sulale daga cikin runduna shi da mutum 5, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina ya bar ƙasar baki ɗaya. Suka kwana 3 a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Mutumin da ke matsayin waziri, wanda ya ci garuruwa, ya ajiye komai ya kama hanya kamar almajiri.

Zaman Kano da littafin mahukunta

Da ya iso Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun masu jihadi ba, a zamanin Sarki Sulaimanu, sai jama'ar garin suka tare shi, suka roƙe shi ya tsaya ya koya masu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya nuna masu cewa abin da ya gudo wa shi ya tarar a wurinsu, amma suka nace. A nan ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta masu littafin da ya fi kowane shahara a fannin, wato Liya'ul Hukkami, hasken mahukunta game da abin da ke nasu da abin da ke kansu. Sunan kaɗai ya isa darasi: mai mulki yana da hakki, amma akwai hakki a kansa. Har gangunan fada aka farfasa a lokacin, aka mayar da kututturansu akussan cin abincin dawaki. Bayan haka ya fasa tafiyar, ya koma wurin wansa, aka ci Alƙalawa a 1808.

A wannan littafi da waɗanda suka biyo baya, irin su Liya'us Sulɗan da Liya'us Siyasat, ya dogara sosai da Shehu Magili, malamin da ya ratso ta ƙasar Abzin ya zo Kano wajen 1492, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki. Ga yadda za mu taƙaita tsarin da ya tsayu a kai.

Na farko, dukiyar mutum haramun ce ga hukuma sai da hujja. Ba talaka ne zai kawo dalilin da zai hana a karɓa ba, mai karɓa ne zai kawo dalilin karɓa. Malaman jihadin sun ƙayyade ƙofofin shigar kuɗi baitulmali guda 7: humusin ganima, da ushira, da jiziya, da harajin ƙasa, da fai'i, wato dukiyar da aka samu daga abokan gaba ba da yaƙi ba, da rarar gadon da babu magajin da zai cinye, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Abin da bai shiga cikin waɗannan ba, irin su tawasa da agama da kuɗin da ake tare fatake a karɓa a ƙofar gari, zalunci ne ko da an daɗe ana yi.

Na biyu, abin da aka halatta ma yana da awo sananne. Manomin gero da dawa da ruwan sama ya shayar yana fitar da kashi 1 cikin 10, mai ban ruwa da guga ko jigo kashi 1 cikin 20. Mai shanu ba a taɓa shi sai sun kai 30, mai tumaki da awaki sai sun kai 40, sannan a ɗauki guda. Ɗan kasuwa kuwa kashi 1 cikin 40 ne, in jarinsa ya kai kimar misƙali 20 na zinariya kuma shekara ta zagayo. Malikiyya ta ma raba 'yan kasuwa gida biyu: mai juya kaya kullum, kamar mai tebur ko mai shago, wanda zai yi wa kayansa kima sau ɗaya a shekara, da mai ajiye kaya yana jiran farashi, wanda ba zai fitar ba sai ranar da ya sayar. Amfanin awo shi ne mai biya ya san nawa ne kafin mai karɓa ya iso, don haka babu ciniki a kai, babu kuma na goro.

Na uku, an bar ƙofar lalura, amma ƙunƙuntacciya. In wata masifa ta auku, misali ganuwar gari ta rushe ga abokan gaba a kusa, baitulmali kuma babu komai, ana iya aza wa jama'a taimako gwargwadon ƙarfin kowa. Sharaɗin shi ne da zarar lalurar ta wuce, karɓar ta tsaya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin kuɗin da aka ce na wata uku ne ya shekara goma ana karɓa, ya san dalilin wannan sharaɗi.

Na huɗu, ba a sayen muƙami. Wanda ya biya kuɗi aka naɗa shi alƙali ko hakimi, daga jikin talaka zai fanshe. Haka nan kyautar da ake kai wa mai hukunci saboda kujerarsa, ko an kira ta gaisuwa, hanci ce.

Yadda ya so a yi shari'a

Doka kan haraji ba ta da amfani in babu inda za a kai ƙara, shi ya sa ya ba alƙalanci muhimmanci ƙwarai. Tsarin Malikiyya da ya karantar ya ɗora wa mai ƙara nauyin kawo shaidu, wanda ake ƙara kuma in ya musa sai ya rantse. Alƙali zai zaunar da masu husuma daidai a gabansa, attajiri da mai tallan fura, ba zai yi wa ɗaya fara'a ya ɗaure wa ɗaya fuska ba. Ba zai yanke hukunci yana cikin fushi ko yunwa ba. Kafin ya yanke kuma sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, in ya nemi lokaci a ba shi. Matar da ba ta son fita, ko bafataken da tafiya ta kama, suna iya naɗa wakili. Tsakanin 'yan uwa da abokan ciniki kuwa an fi son sulhu, muddin ba zai halatta haram ba.

Ban da alƙali, tsarin ya tanadi mai duba ƙararrakin zalunci, wanda aikinsa shi ne karɓar kukan talaka a kan ma'aikatan hukuma su kansu, da kuma muhtasibi mai zagaya kasuwa. A nan ne maganar ta juyo kanmu, domin Malam Abdullahi bai tsaya ga masu mulki kaɗai ba. Muhtasibi yana duba mudu da tiya da sikeli, yana hana zuba ruwa a nono, da cakuɗa tsohon hatsi da sabo, da ɓoye aibin dabba, da tare mutanen ƙauye a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, da ƙara kuɗi a ciniki ba don saye ba sai don a ruɗi wani. Ya ma tsara hukunce-hukuncen saye da sayarwa a waƙe domin talakawa su haddace, ya sa masa suna Kifayatul Awami fil Buyu'i, ya kuma yi wani littafi, Ta'alimur Radi, kan mallakar gona da saura da makiyaya. A wurinsa, wanda ke tauye mudu da wanda ke karɓar tawasa jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saɓani da 'yan uwansa da ƙarshen rayuwarsa

Tsananin riƙonsa ya kai shi ga saɓa wa Shehu kansa. Shi yana ganin kiran shugaba da sunayen sarauta irin na da, da kaɗe-kaɗen fada, da sanya tufafin alfarma, duk ƙofa ce ta komawa gidan jiya. Shehu kuwa ya sassauta a wasu daga ciki, yana ganin abin da malamai suka yi saɓani a kai ba a tsananta wa jama'a. Suka yi ta mayar wa juna amsa a rubuce, kowa da hujjarsa, ba tare da zumunci ya yanke ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ɗansa Muhammadu Bello kuma gabas. Ya zauna a Boɗinga, daga baya Gwandu, ikon gidansa kuma ya kai har Sayi a bakin Kwara cikin Nijar ta yau. Duk da wannan nauyi bai ajiye alƙalami ba, a wannan tsakani ne ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a kafin ya iso Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofa, ya juya. Aka yi 'yan shekaru ba a jituwa, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, inda suka sasanta ya kuma yi wa ɗan wan nasa mubaya'a. Daga nan ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, kabarinsa na can. Allah Ya jiƙansa.

Shin an bi maganarsa?

Gaskiya ɗaya ce, ba a bi ta duka ba. Shekara 22 bayan rasuwarsa, a 1851, wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda daga baya ya zauna a Damagaram, ya shiga Kano, garin da aka rubuta Liya'ul Hukkami. Ya tarar kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi ta marina wuri 700, kowane dabino wuri 600, ga kuma kuɗin rafi a kan dankali da gwaza da rogo da ake kaiwa kasuwa. Jangali ma ya dawo. Da Turawan Faransa suka kama Damagaram a 1899, na Ingila suka kama Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar da hanyar karɓa a shimfiɗe, suka ɗora a kai. A jihohin Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

To, me ya rage mana? Ƙasashenmu na yau ba da tsarin baitulmali suke tafiya ba, kuma ba muna cewa kowa ya ƙi biyan haraji ba ne, domin hanya da asibiti da rumfunan kasuwa ba sa gina kansu. Abin da ya rage shi ne tambayoyin da wannan malami ya koya wa mutanen Kano su riƙa yi. Wace doka ce ta ce a karɓa? Nawa ta ce? Aljihun wa zai shiga? In an wuce iyaka, gaban wa za a je? Alhaji mai shago da Hajiya mai ƙuli-ƙuli duk suna da ikon neman rasit a kan kowace dala da suka bayar, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma aikinsu ne su samo jerin kuɗaɗen da doka ta tsara daga ofishin magajin gari da na duwan, su karanta wa mambobinsu da Hausa. Sai dai mai neman a yi masa adalci a bakin iyaka, ya fara duba tiyar da yake awo da ita a rumfarsa.